Tsatsa Ba Ta Jin Fenti

Alamar farko ɗan kumburi ne a jikin fenti, can ƙasan ƙofa ko a bakin ramin tayar baya. Mai mota zai gan shi ranar wanki, ya sa farce ya danna, ya ji wurin ya ɗan lotsa, ya ce ba komai. Bayan damina ɗaya kumburin ya hayayyafa, ya fashe, wani jan ruwa yana gangarowa daga cikinsa. Sai a nufi gareji. A can kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko wani lungu a Maraɗi, da zarar fanal-bita ya ƙwanƙwasa wurin da gindin sukundireba, tambayar da zai yi ɗaya ce:

"Alhaji, a yanke ne ko a shafe?"

"Mene ne bambancin?"

"Yanka zai ci mako biyu, ranka ya daɗe, kuma da ɗan tsada. Shafa kuwa, jibi ka turo yaro ya ɗauke ta fes."

Mafi yawan masu mota shafar suke zaɓa. Idan bayan shekara guda kumburin ya dawo, ya kuma taho da 'yan'uwansa, sai a ce masu gyaran yanzu ba su da amana. Akwai maha'inta a cikinsu, babu musu. Amma wanda aka shimfiɗa wa hanya biyu ya ɗauki mai araha da hannunsa, ba shi da bakin kuka. Kasuwar gyaran jikin mota a ƙasar nan ta ginu ne a kan biyan kuɗin sheƙi, ba a biyan kuɗin ƙarfe, kuma ta wannan hanya ake asarar tsofaffin motocin da yanayin ƙasarmu ya fi na kowa iya adanawa.

Abu uku tsatsa take bukata kafin ta kama: ƙarfe, danshi, da iskar oksijin. A raba ta da ɗaya daga ciki, ta tsaya cik. Alminiyam ma yana haɗuwa da iska, sai dai fatar da yake yi siririya ce mai tauri, tana manne masa ta kare abin da ke ƙarƙashi. Ta ƙarfe kuwa burtsatsa ce. Tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta cinye, ta ɓare, ta riƙe ruwa a cikin kofofinta, ta buɗe sabon wuri ga iska. Gishiri idan ya shiga lamarin, sai aikin ya ƙara wuta, domin ruwan gishiri ya fi ruwa zalla ɗaukar 'yar wutar lantarkin da ke tafiyar da wannan ci. A tuna kuma kaurin farantin jikin mota da ƙyar yake kai milimita ɗaya. Ba wani nama ne da shi mai yawa ba.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne daga ina take farawa. Ana tsammanin daga waje ne, wurin da dutse ya ɓantare fenti. Wannan ma yana faruwa, amma shi ne mai sauƙi. Muguwar daga ciki take tasowa. Jikin mota akwatuna ne na siririn ƙarfe da aka naɗe aka ɗinke da ɗigon walda: dokin ƙofa, wato dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da cikin ƙofofin kansu, da kwarmin da ke gindin gilashin gaba. Duk inda faranti biyu suka haɗa baki akwai ɗan tsagin da ruwa ke shiga ya ƙi fita. Aikinta irin na gara ne a cikin azara: ana ganin ɗaki tsaye, ashe ɓawo ne kawai ya rage. Ranar da fenti ya kumbura, sau da yawa ƙarfen da ke bayansa ya riga ya huje.

Tsofaffin motoci sun fi kamuwa saboda yadda aka ƙera su. Kafin shekarun 1970, kamfanoni da yawa ba sa iya kai fenti cikin waɗannan akwatuna, sai mota ta fito daga masana'anta cikinta tsirara. Dabarar tsoma jikin mota ɗungurungum a kwatamin fenti, a sa wutar lantarki ta ja fentin ya shiga kowane lungu, kamfanin Ford ne ya fara aiki da ita a farkon shekarun 1960, kuma sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka sami ingantaccen nau'inta da ya bazu. Lulluɓe ƙarfe da tutiya, irin yadda ake yi wa kwanon rufi, ya zo daga baya: Porsche ta fara yi wa 911 haka tun daga ƙirar 1976, Audi ta bi sahu da manyan motocinta a 1985. Tutiya tana da wata baiwa, ita ce ko an karce ta, ita za ta ci gaba da narkewa a madadin ƙarfen da ke kusa da ita.

Waɗanda suka yi sakaci kuwa sun ji a jikinsu. A 1980 kamfanin Lancia na Italiya ya shiga sayen motocinsa ƙirar Beta daga hannun jama'a a Ingila yana rugurguza su, domin tsatsa ta cinye wurin da ke riƙe da gadon inji. Sunansa bai sake farfaɗowa a can ba, zuwa 1994 ya tattara ya bar kasuwar. Kada a ɗauka labarin da ne kawai: a 2016 Toyota ta amince da sulhun da aka kiyasta zai iya kaiwa dala biliyan 3.4 a Amurka, a kan shasin Tacoma da Tundra da Sequoia kusan miliyan ɗaya da rabi da ke tsatsa. Idan kamfanoni masu ɗakunan gwaji da injiniyoyi sun sha kaye a hannunta, gwangwanin fila, wato ƙullun da ake shafawa a cike lotsa, da fenti kwalba biyu ba za su kayar da ita a gindin darbejiya ba.

Motar da wannan magana ta fi shafa a wurinmu sananniya ce. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci. An daina ƙera salun ɗinta a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006. Ita ce motar gwamnati a zamanin mulkin soja na Obasanjo, ita ce wagon ɗin tasha mai layin kujeru uku, ita ce a-kori-kurar da ke kai hatsi kasuwar ƙauye. Nijar kuma ta sami nata kason ta wata hanya: a shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa tuƙo tsofaffin 404 da 504 su ratsa Sahara ta Tamanrasset, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su koma gida ta jirgi. Injinta ba ya mutuwa da sauƙi, kowane bakanike ya san ciki da bayansa. Jikinta ne ke fara sallamawa: daɓen ƙasa, dokin ƙofa, bakin ramin taya, gindin gilashi, da ƙasan but.

Abin takaicin shi ne, a ƙasar Hausa bai kamata ta sallama da wuri haka ba. Tsatsa tana lafawa sosai idan danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari, mu kuwa a tsakiyar hunturu da bazara danshin yakan yi ƙasa da kashi 20 da rana. Damina wata huɗu ce, in ta yi tsawo biyar. Ba ma zuba gishiri a titi, iskar teku ba ta isowa wurinmu. Masu tara tsofaffin motoci a Amurka sukan biya kuɗi na musamman don motar da ta yi rayuwarta a Arizona, saboda bushewar wurin kaɗai. Irin wannan bushewa muna da ita kyauta daga Sakkwato har Damagaram.

To me ke cinye namu? Ƙura ce, da kaya, da hannunmu. Wata bakwai ƙurar rani tana sulalewa ta gefen gilashi tana taruwa a gindin ƙofa. Masu ƙera mota sun bar 'yan kofofi a wurin don ruwa ya tsiyaye, ƙura sai ta toshe su. Ruwan farko na sauka, ƙurar ta zama laka, laka kuma ba ta bushewa a cikin rufaffen akwati sai bayan makonni. Ganyen darbejiya da ake fakewa a inuwarta yana cika kwarmin gindin gilashin gaba, ruwa ya rasa hanya ya bi ta ciki ya kwanta a ƙarƙashin kafet, kusa da ƙafar direba. Tabarmar roba da ake shimfiɗawa don tsafta ita ke hana shi tashi. A bayan a-kori-kura kuma ana loda takin zamani, da gishiri, da kanwa, da awaki masu fitsari, dukkansu masu cin ƙarfe ne, a sauke kaya a kama hanya ba a ɗauraye ba. Ruwan batir yana ɗiga ya ci mazauninsa. Man birki yana zuba ya saɓule fenti. Mai wankin mota ya zuba garin sabulun wanki, ya watsa ruwa ta ko'ina, ya goge saman da ake gani ya bar sauran.

Wasu kuma da cutarsu suka zo. Amurka kaɗai tana zuba gishiri wajen tan miliyan 20 a kan tituna kowace shekara don narkar da ƙanƙara, Kanada da arewacin Turai ma haka suke yi. Motar da ta yi shekara goma tana wanka da wannan ruwa, ta biyo ta Kwatano ko Legas, an wanke ta an fesa wa ƙarƙashinta baƙin fenti, tana isowa tana ƙyalli. Mai saye zai duba fitila, ya kunna rediyo, ya ji sanyin na'urar sanyaya ciki, amma da wuya ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Haka nan motocin da ambaliya ta shanye, irin wadda ta afka wa Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ana canja musu mai, a gyara wayoyi, a shanya kujeru. Lakar da ta shige cikin akwatunan jiki kuwa tana nan zaune tana aiki.

Ita fila ba abar banza ba ce, an dai ɗora mata nauyin da ba nata ba. Kafin zuwanta, da narkakkiyar dalma ake cike ƙananan lotsawa, aiki mai wuya mai guba. A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da wannan ƙullu na roba da ake haɗawa da ɗan maganin daskarewa, ya bushe cikin mintuna, a goge shi da samfefa. An yi ta ne don daidaita fuskar lafiyayyen ƙarfe, kaurin milimita biyu ko uku, bayan guduma ta gama nata. Ba ta da ƙarfin riƙe komai, kuma tana shan ruwa saboda garin dutsen da ke cikinta. Idan aka liƙa ta a kan rami, bayanta yana buɗe ga danshin cikin akwati, sai ta tsotse shi ta riƙe a jikin bakin ramin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: tsatsar da ke tafiya a hankali an ba ta abinci da mayafi. Masu sana'ar sun san abin da suke tonowa idan irin wannan mota ta dawo hannunsu. Akan sami ragar sauro, da gwangwanin madara da aka buɗe aka miƙe, da kwali, da tsumma, duk an binne su a ƙarƙashin ƙullu mai kaurin yatsa.

Gano ta ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ɗan maganaɗisu mara ƙarfi, a naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fenti, a bi da shi gindin ƙofofi da bakin taya. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki ya faɗi, ƙullu ne. Ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa ma tana faɗin gaskiya, domin ƙarfe yana amsawa da ƙara, fila kuwa shiru take yi, tif-tif. Mai sayen tsohuwar mota da bai ɗaga kafet da tabarmar but ya ga daɓe da idonsa ba, fenti ya saya.

Gyara na gaskiya yana farawa ne da ɓata mota, shi ya sa masu ita ba sa son gani. Ana cire kujeru da kafet da duk abin da zai kama wuta, a kare tankin mai da bututunsa, a cire kan batir. Sai a kankare fenti daga wurin kumburin ana faɗaɗawa, har a iso inda ƙarfe yake fari tas ta kowane gefe. Kumburin da bai fi tafin hannu ba sau da yawa yakan zama rami mai tsawon kamu biyu. Idan tsatsar a sama kawai take, ba ta huda ba, burushin waya da injin gurza sun isa, sannan a bi da maganin da ke juya ragowarta ta zama baƙar fata mai tauri, wanda galibi da sinadarin fosforik ko tanin ake yin sa. Wannan magani yana aiki a kan ja-ja ɗin da ya maƙale a ƙananan ramuka. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

Idan ta huda kuwa, sai yanka. Ƙwararre yakan ɗora kwali a kan wurin ya zana siffarsa, ya yanko sabon faranti mai kauri ɗaya da na motar, ya lanƙwasa shi a kan ƙarfen dafi da guduma har ya ɗauki kwanar da ake so, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Abin da ake nema shi ne facin ya zauna a cikin ramin baki da baki. Ɗora shi a sama ya fi sauri, amma yana haifar da sabon tsagi tsakanin faranti biyu, wato sabon gidan ruwa. Walda kuma ba a jan ta layi ɗaya. Ɗigo ake yi nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon su haɗe. Siririn faranti ba ya jure zafi, yana murɗewa. A nan ne wutar kabayid da yawancin garejinmu ke amfani da ita take da matsala, domin tana dumama wuri mai faɗi, ta ƙone fentin da ke bayan faranti, ta bar ƙarfe a ƙone. Injin waldar waya mai iskar gas ya fi dacewa, zafinsa a takure yake. Duk da haka, akwai dattawan fanal-bita da ke yin walda da kabayid suna bin ta da guduma tana da zafi, su fitar da aikin da sai an shafa hannu ta ciki kafin a gane wurin. Hannu ya fi kayan aiki, sai dai irin wannan hannu yana ƙarewa, yaran da ke tasowa kuma ƙullu suka fi iya kwaɓawa.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na bayan walda. Sabon ƙarfe da wurin da wuta ta taɓa sun fi ko'ina saurin kamuwa, wani lokaci cikin kwana ɗaya idan damina ce. Dole a rufe su nan take da fentin share fage mai ƙarfi, irin na efoksi wanda ruwa ba ya ratsawa, a toshe tsagogi da danƙon da aka yi don haka, kafin a zo kan 'yar fila da fentin ado. Jan fentin share fage na gargajiya da toka-tokan da ake fesawa a bar mota tana yawo da shi wata da watanni suna shan danshi, ba kariya ba ne su kaɗai. Sannan bayan facin, can cikin akwati inda ido ba ya kaiwa, shi ma sai an fesa masa kariya. Faci mai kyau da aka bar bayansa tsirara zai huje daga ciki kamar na farko.

Za a ce wannan duk zancen masu hali ne. Direban da ke lodin Kano zuwa Ɗambatta da tsohuwar wagon, wanda idan motar ta kwana biyu a gareji tukunyar gidansa ta kwana biyu a kife, ina shi ina mako biyu? Wutar lantarkin da injin walda ke so ma ina take? Maganar tana da nauyi, kuma ba wanda zai ce a yanke ƙofa saboda ɗan tabo. Amma akwai bambanci tsakanin wurin ado da wurin da ke ɗauke da rai. Motoci irin salun da wagon na 504 ba su da shasi daban, jikin ne shasin. Dokin ƙofa da daɓe da ginshiƙai su ke hana mota naɗewa idan an yi karo, su ke riƙe da kujera da bel da ƙafafun mota. A Birtaniya, motar da tsatsa ta raunana ƙarfenta a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, ko sitiyari, ko bel, ko ƙafa, ba ta cin jarrabawar shekara, kuma faci a irin wannan wuri sai na walda, ba a karɓar fila. A nan kuwa, jami'in duba mota zai tambayi takardu da abin kashe gobara, alhali fasinja na hango kwalta tana gudu ta tsakanin ƙafafunsa. Talaka ya shafe tabon but ɗinsa in ya ga dama. Dokin ƙofar motar da ke ɗaukar mutum tara kuwa bai kamata ya zama abin ciniki ba. Ko ta fuskar kuɗi ma, shafa a kai a kai tana iya fin yanka ɗaya tsada, ramin kuma kullum ƙara faɗi yake.

Kariya ita ce ɓangaren da ba ya cin kuɗi, shi ya sa ma ake raina ta. Guntun waya ya isa a zurara a kofofin gindin ƙofa da na dokin ƙofa a buɗe su kafin ruwan farko. A kwashe ganye daga gindin gilashi. A ɗaga kafet bayan kowane ruwa mai ƙarfi a taɓa, in da laima a nemo robar da ta mutu a canja. A wanke lakar da ke maƙale a leɓen ramin taya, wurin da hannun mai wanki ba ya zuwa sai an ce masa. Tabon da dutse ya yi a ɗiga masa fenti tun yana sabo. Cikin akwatuna kuma a fesa kakin da aka yi don wannan aiki, mai shiga tsagi ya kori ruwa ya kuma ƙi bushewa ƙarau. Kurt Ziebart ya kafa kamfani sukutum a Detroit a 1959 a kan wannan dabara kaɗai, kuma Waxoyl da Dinitrol sun daɗe a kasuwa. Lokacinsa a wurinmu Maris ne ko Afrilu, sa'ad da cikin mota ya bushe ƙayau, zafi kuma ya sa kakin ya yi ruwa ya gangara ko'ina. Wanda ya fesa shi a watan Agusta danshi ya kulle a ciki.

Akwai al'adu biyu da ya kamata a sake dubawa. Fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota yana ɗan korar ruwa, ba ƙarya ba ne, amma yana kumbura robobi, yana tara ƙura, yana ɗiga a ƙasa, kuma taɓa shi yau da gobe yana da haɗari ga fata. Baƙar kwalta mai kauri da ake shafawa a kan tsatsa ta fi shi sharri, domin idan ta tsage ruwa na shiga bayanta ya ɓuya. Ta biyu ita ce tamfol. Magidanci ya rasu, iyali suna jin nauyin sayar da motarsa, sai a tura ta ƙarshen gida a kan turɓaya a lulluɓe da leda. Danshin ƙasa yana tashi, leda ta tare shi, rana ta dafa. Zama a haka yana iya fin tafiya a kan hanya lalata mota. Rumfa mai shan iska da daɓen siminti sun fi, a kuma ɗan sauke gilashi, a riƙa tayar da ita ana zagayawa.

Su ma masu aikin akwai haƙƙinsu da ba a faɗa. Hayaƙin tutiya idan ana walda a kan ƙarfe mai lulluɓi yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki. Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kuma ƙyallen da yaro ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Ƙurar yashi da ake kankare ƙarfe da ita tana lalata huhu har abada. Gwangwanin madarar da ake miƙa wa mai fenti bayan aiki ba ya wanke komai. Ƙungiyar makanikai ta NATA da Hukumar NADDC mai kula da masana'antar motoci da kwalejojin fasaha suna da wurin shiga a nan, su koyar da waldar siririn faranti da kare numfashi kamar yadda ake ta koyar da na'urar duba kwamfutar mota.

Mercedes ɗin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas. Ta sami rufi saboda abin da ya faru a cikinta. Motocin da suka kai amare, suka kai alhazai filin jirgi, suka kai ɗalibai Zariya, makomarsu sikelin 'yan gwangwan, a sare su da gatari a auna da kilo. Jamus tun 1997 take ba motar da ta kai shekara 30 tana cikin kamanninta na asali lamba ta musamman mai harafin H, da harajin da aka daidaita mata. A ma'aunin nan, 504 ɗin da ta fito daga Kakuri a 1990 ta riga ta cancanta. Wadda ta rage da lafiyayyen daɓe a yau ba ta da yawa, kuma ba a ƙera wata.

Mai irin wannan mota da ya yanke shawarar gyara ta yana da makami a aljihunsa da iyayensa ba su da shi, wato wayar salula. Ya yi ciniki a kan aiki mataki-mataki, ba a kan ranar karɓa ba. Ya ce a turo masa hoton ramin bayan an kankare, da hoton facin bayan an yi walda kafin a shafa komai, da guntun ƙarfen da aka yanke a ajiye masa. Kuɗin fenti kuma kada ya fita daga hannunsa sai ya je da kansa ya ga ƙarfen tsirara. Fanal-bitan da ya iya aikinsa zai yi murna da wannan sharaɗi, domin shi ne karo na farko da wani zai ga ɓangaren aikin da ya fi ba shi wuya, ya kuma biya shi a kansa.